Dashen da Kika Bari a Bayan Gidana

Shekara goma sha wani abu ke nan ina tambayar wanda ya ba da umarni aka sare maɗatan bakin kasuwarmu, har yau ban samu wanda ya bugi ƙirji ya ce shi ne ba. Na tambayi kansila, ya ce daga sama ne. Na tambayi shugabannin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba a zamaninsa aka yi ba. Na tambayi masinjan sakatariya har ya zama in ya hango ni tafe da kekena sai ya tuna yana da uzuri a bayan gida. A duk wannan ginin mai ofisoshi kamar saƙar zuma, mutum ɗaya ce ta taɓa zama a benci ta saurare ni har na kai aya. Ita ma ga shi Mai ita Ya karɓi abarSa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Maris, da hantsi, ina cikin ɗaure birkin wani keke, mai shayin da ke maƙwabtaka da rumfata ya zo ya tsaya a kaina ko sallama babu. Na ce, “Kai, matsa, ka tare mini haske.” Ya ce, “Baba, Uwar Dashe ta cika.” Na ajiye sifana. Ban san lokacin da mai keken ya tura abinsa ya tafi ba. Ko na gama ɗaure birkin ko ban gama ba, Allah dai Ya sa ya isa gida lafiya.

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta shafa wa maganata zuma. Wanda ya ji ɗaci ya tofar.

Ya ke marigayiya, ga wanda bai san ki ba, ke ce jami'ar gandun daji da muhalli ta ƙaramar hukumarmu. A ofis suna da sunan da suke kiran ki da shi. Mu a bakin kasuwa Uwar Dashe muka sani. Ni na raɗa miki shi, da gatse ma na raɗa, sai sunan ya bi ki har ya danne na yanka.

Kafin a kawo ki garin nan aiki, akwai maɗatai a jere daga bakin tasha har ƙofar kasuwa. A gindin ɗaya daga cikinsu na koyi faci, a nan na tara abin aure, a nan na ciyar da 'ya'yana har suka kama gabansu. Ni da aminina mai gyaran takalmi muka raba inuwar, shi gabas ni yamma, in rana ta juya mu ja bencinmu ba sai wani ya ce wa wani komai ba. Rana ɗaya aka wayi gari da masu injin zarto, wai za a faɗaɗa hanya a gina shaguna. Shugaban lokacin ya hau bayan mota da lasifika ya ce duk bishiya ɗaya da ta faɗi za a dasa goma a madadinta. Jama'a suka tafa. Kafin la'asar an mayar da inuwar da ta girmi kakana katako.

Tun daga nan nake aiki a ƙarƙashin kwano. Wanda bai taɓa wuni a ƙarƙashin kwano a bazara ba bai san abin da kaza ke ji a tukunya ba. Sholisho ya bushe kafin ka manna faci. Sifana ta yi zafi sai ka naɗe ta da tsumma. Taya ta fashe tana jingine ba wanda ya hau ta. Kuma zafin yanzu ba irin na da ba ne, wannan ba sai mai digiri ya gaya mini ba, jiki magayi. Damina ta makara, in ta zo ta zo a fusace, ta juye ruwan wata guda a wuni ɗaya, ta cika sababbin shagunan nan da laka, ta yi tafiyarta. Aminina mai gyaran takalmi, 'yan shekaru bayan sare bishiyoyin, wata rana da azahar ya sunkuya zai ɗauki allura, bai ɗago ba. Likita ya ce zuciya ce. Na ce to, zuciyar da ta tsufa a inuwa tana aikinta lafiya lau.

Daga baya sai aka raɗa wa abin suna, wai sauyin yanayi. Sunan yana zuwa ya samu ofis, ya samu mota mai rubutu a jiki, ya samu huluna da riguna masu hoton ganye. Mu da abin ke gasawa rabonmu ɗaya ne: taron dashe, shekara-shekara. A kafa rumfa, a jera kujeru, a kunna lasifika. Babban baƙo ya tsuguna a kan tabarma don kada rigarsa ta ɓaci, a miƙa masa dashe ya jefa a rami, a tsiyaya masa ruwan gora ya wanke hannu a kai. Ruwan da dashen zai sha ke nan a duniya. Mai hoto ya ɗauka, kowa ya kama gabansa. Kuma yaushe ake wannan? A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta yi tauri kamar kwalta, ƙadangare ma a guje yake taka ta. Kafin mako ya zagayo, wanda rana ta rage awaki sun ƙarasa shi. Baɗi a dawo, ramukan nan dai su ake sake tonewa. Ramin da ke gaban rumfata ya ci dashen da ba zan iya tunawa ba. Wannan kabari ne, ba rami ba.

Haɗuwarmu ta farko ba ta daɗi ba ce. Washegarin wani taron, da sassafe, na zo buɗe rumfa sai na ga wata mata da lebura biyu da amalanke suna bin ramukan suna tuge dashen jiya suna lodawa. Da na matso sai na ga ashe kowanne da baƙar ledarsa aka binne shi, ba a yage ba. Jinina ya tafasa. Na ce yau dai Allah Ya kama mini ɓarawon da nake nema: a dasa jiya, a tuge yau, gobe a sayar wa wata ƙaramar hukumar ta yi nata hoton. Na ɗauki famfon buga iska a hannu na fito tsakiyar titi ina kururuwa, “Jama'a ku fito! Ga ɓarayin gwamnati ido na ganin ido!” Mutane suka taru. Leburorinki suka ja da baya. Ke kuwa ko gezau. Kika karkaɗe ƙasar hannunki kika ce, “Baba, ina kwana? In ka gama, ara mini bencinka, ƙafata ta gaji.”

Na ce, “Bencina ba na ɓarayi ba ne.”

Kika ce, “To ni na tsaya. Amma kai ka zauna, kada ka faɗi a ce har da kai na tuge.”

Kasuwa ta kwashe da dariya. Na zauna don kaina, ba don kin ce ba. Kika zauna a ɗaya gefen.

A kan wannan bencin kika warware mini abin da manya suka yi shekara da shekaru suna ɓoye mini. Kika ce kuɗin dashen ba na ƙaramar hukuma ba ne. Daga wani asusu yake fitowa can sama, wanda aka ware don garuruwa irin namu su samu abin jure wa zafi da ambaliya. Kafin ya bi ofis-ofis ya sauko, ya kwana a wannan tebur ya wuni a wancan, damina ta yi sallama, kaka ta wuce, an shiga zafi. Ya iso kuma da sharaɗi a wuyansa: a kashe shi kafin a rufe shekarar gwamnati, a aika da hoton dashe a cikin ƙasa, in ba haka ba ya koma inda ya fito, baɗi kuma a hana mu. An yarda a sayi dashe, an yarda a kafa rumfa da lasifika. Ruwa kuwa, da shinge, da wanda zai kula, ba ruwan asusun da su. Na ce, “Wanda ya tsara wannan ya taɓa ganin akuya kuwa?” Kika ce, “Ya san akuya sarai, Baba. Kowa ya sani. Shi ma wani ne a samansa ya tsara masa.” Kika ce waɗanda ke ƙasa, su da suka san lokacin da ruwan farko ke sauka da unguwar da ta fi ƙonewa, ba a tambayarsu, aiko musu kawai ake yi. Su kuma na ƙasan sun ga zaman jira ya fi sauƙi, sun miƙe ƙafa.

Shi ne kika samo dabararki. A binne dashen da ledarsa ranar taro, manya su yi hotonsu su tafi. Washegari ki tuge ki kai inuwa, ki yi ta ba shi ruwa har damina ta sauka, sannan ki mayar da shi ramin, ki yage leda, ki yi dashen gaskiya, ba rumfa ba lasifika. Na ce, “Wato hukuma na dasa ƙarya da rana tsaka, ke kina dasa gaskiya a ɓoye kamar mai sata.” Kika ce, “Kai ka faɗa, ni ban ce ba. Ina da 'ya'ya a makaranta.”

Ban ba ki haƙuri ba a ranar, kuma yau ma ba zan bayar ba, don duk wanda ya ga abin da na gani ihun da zai yi ke nan. Amma da kika ce famfon gandun sakatariya ya mutu tun kafin a kawo ki, ba ki da takamaiman wurin ajiye dashen, sai na ce miki a bayan gidana akwai doguwar katanga mai inuwa, akwai kuma rijiya.

Daga wannan shekarar bayan gidana ya zama asibitin dashe. Matata ta yi ta mita, wai na mayar mata da wurin shanya daji, sauro zai cinye mu da rai. Sai ga shi ita ce ta fi kowa. Ruwan ɗauraya ma ba ta zubarwa sai a gindinsu, tana yi musu faɗa kamar jikoki in sun yi yaushi. Ke kuma in rijiya ta ja baya, kullum kafin ki wuce ofis sai kin biyo da tsohuwar motarki cike da jarkoki. Motar nan har ta karkace gefe ɗaya saboda dako. Mijinki ya taɓa ce mini, yana dariya, shi dai mota ya saya wa matarsa, bai san tankar ruwa ya saya wa gwamnati ba.

In damina ta sauka kika mayar da dashen ramukansu, sai ki bi masu sana'ar bakin hanya ki ɗora wa kowa amana. Mai shayi da nasa, mai wankin mota da nasa, mai sayar da katako ma, wanda ya ci ribar maɗataina, sai da kika ɗora masa. Ba ki taɓa ce wa kowa doka ce ba. Cewa kike, “Wannan naka ne. In ya mutu zan gaya wa matarka ba ka iya riƙo ba.” Da na mai wankin mota ya bushe, ya yi kwana da kwanaki yana ɓuya a bayan motoci in ya hango ki. Kika same shi kika ce, “Kai da kake wanka da ruwa tun safe har yamma, naka ne ya mutu da ƙishirwa?” Kika ba shi wani. Yanzu nasa ya fi na kowa tsawo, har yana hana mutane jingina a jikinsa. Tsofaffin tayoyi da karyayyun wilin keke da na tara tun ina saurayi, waɗanda matata ta gaji da roƙo in zubar, su kika kwashe kika yi shinge da su. Ranar na ce mata, “Kin gani ko? Ashe ba shara nake tarawa ba.”

Ba duka suka rayu ba. Amma wanda ya san hanyar makarantar firamare a da, ya san yanzu yara a inuwa suke tafiya tun daga kwana har ƙofar makaranta. Mata masu jiran mota a tasha sun samu inda za su sauke goyo. Hoton waɗannan bishiyoyin ne aka manna a babban allo a ƙofar sakatariya, da fuskar shugaba a gefe yana murmushi. Taki fuskar ba ta ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alherinki bai tsaya a kan itatuwa ba. Shekarar da matata ta kwanta, ranar da numfashinta ya sarƙe da tsakar rana, ɗana ba ya gari, na rasa abin hawa. Kika zo duba dashe kika tarar da ni a tsaye kamar gunki. Nan take kika sauke jarkoki a ƙasa, ke da 'yata kuka cicciɓe ta, kika kai ta asibiti, kika zauna a benci har likita ya fito. Ta tashi. Tana nan da ranta, ita ce yanzu take zama a bayan gida tana kuka a gaban dashenki. Ke ce kuma kika sa aka ɗaura mini zana a ƙarƙashin kwanon rumfata. Na ce ba na so, ba na karɓar sadakar gwamnati. Kika ce, “Ba gwamnati ba ce, 'yarka ce.” Kekunan 'ya'yanki kuwa kin yi ta kawo mini su alhali ba abin da ya same su. Na sani. Nakan buga musu iska in shafa wa sarƙa giris in ce na gyara, ke ma ki yi kamar kin yarda.

Abu ɗaya muka yi rigima a kai sosai. Na ce ba na son dashen dogon yaro a ramin gaban rumfata. Maɗaci aka sare mini, maɗaci za a biya ni. Kika ce, “Baba, maɗaci jinkirin girma gare shi, ba za ka sha inuwarsa ba.” Na ce, “Wa ya gaya miki ranar tafiyata? Sai na ga bayan ciyaman uku tukuna.” Kika yi dariya har da hawaye, kika je can nesa kika nemo mini shi. Yanzu ya wuce rufin rumfata. Inuwarsa takan rufe akwatin kayan aikina da ƙafata ɗaya. Ni da kika ce ba zan sha inuwarsa ba, ga ni nan. Ke ce ba ki sha ba.

Na san abin da kika sha a ofis, ko da ba ki cika faɗa ba. Ɗaya daga cikin leburorinki ne ke ba ni labari in ya kawo faci. Kin tashi a zaman majalisa kin ce ƙaramar hukuma ta ware nata kuɗin, ko yaya yake, daga harajin da ake karɓa a hannunmu a kasuwa, a tanada don ruwa da shinge, kada a zauna jiran na sama. Aka ce za a duba. Kin ce a gaya wa na sama gaskiya, lokacin dashe damina ne, su bari a riƙe abin zuwa lokacin. Aka ce kada a ɓata wa mai bayarwa rai. Da wani shugaba ya ji labarin ledar, maimakon ya ce sannu, sai ya sa aka tuhume ki, wai kina neman tona asirin hukuma. Waɗanda kika koya wa aiki suka wuce ki a girma. Duk taron da za a je babban birni a kan sauyin yanayi, a kwana a otal mai sanyi, da masu zuwa. Ke rabonki jarka. Ana ce mana ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Gaskiya ne. Ranar karɓar haraji har numfashinta kana ji a wuyanka.

Bana aka yi taron kamar kullum. Kin riga kin rame, ƙafafunki sun kumbura, likita ya ce ki huta, ki guji rana. Washegari kika zo kika jira leburorinki har hantsi ya dubi ludayi, ba su zo ba. Ashe an ɗauke su an sa su fentin katangar sakatariya, saboda baƙi za su zo duba aikin sauyin yanayi. Dashe kuwa in yana cikin baƙar leda a cikin ƙasa mai zafi ba ya jira, dahuwa yake yi. Kika ɗauko amalanken haya, ni da ke da mai shayi muka shiga bin ramuka. Da rana ta take na dube ki na ce, “Je ki zauna, 'yar nan, fuskarki ba ta yi mini ba.” Kika ce, “Saura layi ɗaya, Baba.” Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinki. Muna sauke kayan ƙarshe a bayan gidana kika dafa katanga, kika sulale. Motar da kika kai matata asibiti, da ita aka kai ki, jarkoki suna ta ƙara a baya. Ba ki dawo ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ajali da sanadi yake zuwa. Duk ranar da na wuce sakatariya ina ganin katangar nan fara sol.

Ranar da muka je gaisuwa gidanki, shugaba ya zo da jerin motoci. Ya yi magana mai daɗi, har da share ido da hankici. Ya ce ƙaramar hukuma ta yi rashin uwa, kuma don tunawa da ke za a dasa bishiya dubu a wata mai kamawa. Wata mai kamawa! Tsakiyar wuta! Mahaifiyarki, baiwar Allah, tana daga ciki tana ta cewa amin. Mijinki ya sunkuyar da kai. Na yunƙura zan miƙe, mai shayi ya danne mini gwiwa ya ce, “Baba, gidan makoki ne.” Na koma na zauna. Ban saba haɗiye magana ba, amma ranar na haɗiye, kuma don ke na haɗiye, ba don shi ba.

Yanzu ga halin da kika bar ni a ciki. Dashen bana duka yana bayan gidana, a jere a gindin katanga, ya cika wurin har bakin ɗakin girki. Rijiyata ta ja baya, guga na dawowa rabi laka. Motarki tana ƙofar gidanki a rufe. Gwiwoyina sun ƙi, matata ba ta iya ɗaga bokiti. Mai shayi yana kawo abin da ya samu, shi ma saye yake yi. Damina da sauranta, ko alamar hadari babu. Na layin waje, waɗanda rana ke fara duka, ganyensu ya soma naɗewa. Da safe sukan ɗan miƙe, kafin azahar sun sunkuya.

Na je sakatariya. Wanda aka ba kujerarki mutum ne mai ladabi, ya ba ni wuri na zauna, ya ce, “Wane dashe, Baba?” Na ce na bana. Ya juyo mini da wayarsa ya nuna mini hoto, ga shugaba a tsugune a kan tabarma. Ya ce, “Ai an dasa su, ga shi nan. Aiki ya kammala, an rufe.” Na ce, “Taso mu je ka gan su a bayan gidana da ledarsu.” Ya dubi ƙofa, ya rage murya ya ce, “Baba, don girman Allah kada ka ja mini. In na gan su, ba a dasa ba ke nan. In ba a dasa ba, wani zai amsa tambaya, kuma ni ne ƙarami.” Ya tura ni sashen ayyuka in roƙi tankar ruwa. Can aka ce tanka ta gine-gine ce, bishiya kuwa ta sashen gona ce. Sashen gona suka ce bishiyar da ba a cin 'ya'yanta ba tasu ba ce. Na nemi shugaba, aka ce ya tafi babban birni taron sauyin yanayi. A bakin ƙofa wani ya ja ni gefe ya ba ni shawara, wai in yi hattara, kayan hukuma a gidan mutum sunansa sata. Kin ji fa. Da ni na kira ki ɓarauniya a kansu, yau ni ake shirin kira.

Allah Ya jiƙan ki, Uwar Dashe. Allah Ya gafarta miki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa kin huta. Allah Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya hanyar 'yan makaranta. Duk wanda ya raɓa a inuwar abin da kika dasa, mutum ne ko tsuntsu, ko akuyar da ta sha ba ki wahala, Allah Ya kai ladan kabarinki. Allah Ya sa ki a inuwar Al'arshinSa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, mutumin kirki, wanda ya yi haƙuri da mota mai warin jarka. Ga mahaifiyarki, wadda ta binne wadda take sa ran za ta binne ta, Allah Ya ba ki dangana, Inna. Ga 'ya'yanki, Allah Ya raya ku, Ya yi muku albarka, kuma kekunanku in dai ina numfashi ku kawo, ko sun lalace ko ba su lalace ba. Ga leburorinki biyu, na ga yadda kuka yi kuka a maƙabarta da fenti a farcenku. Ba laifinku ba ne, aikenku aka yi. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ku kuma na sakatariya, wanda ya iya karatu ya karanta wa shugaba in ya dawo daga otal. Maganar maɗataina tana nan, ban janye ba, ban kuma yafe ba. Amma yau ƙaramar tambaya nake yi. Dashen da ke bayan gidana na waye? In naku ne, ku aiko da ruwa yanzu, ku aiko da leburori ranar da ruwan farko ya sauka. In ba naku ba ne, shugaba ya hau bayan mota da lasifika, kamar yadda wancan ya hau ranar sara, ya gaya wa jama'a abin da aka binne a ramukan nan ranar hoto. Kada wanda ya kawo mana bishiya dubu a watan wuta da sunanta. Ga waɗanda ta faɗi a kansu nan, suna sunkuyawa.

Rumfata ba ta ɓata. Ita ce a gindin maɗaci ɗaya tilo da ke bakin kasuwa. Bencin yana nan, gefen da take zama ba kowa. Ina jira wani ya zo ya zauna a wurin ya dube ni ya ba ni amsa, tun ganyen dashen bai gama zuba ba.